Tatso sinadarai daga ɓawon gyaɗa da na yazawa da maikirowef: tambayoyi da amsoshi

An shirya wannan shafi ne domin masu sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ƙungiyoyin mata masu sarrafa amfanin gona, da ɗaliban da ke neman abin bincike a Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena. Tun daga farko a san wannan: maikirowef yana gajarta aikin awanni ya koma na mintuna, amma tsabtar ɓawon da aka zuba da yadda aka busar da abin da ya fito su ne ke raba kayan sayarwa da na zubarwa.

Wane ɓangare na gyaɗa ake nufi?

Abu uku ne ke saura bayan an sarrafa gyaɗa. Akwai kwasfa, wato ɓawon waje mai tauri, wadda ke ɗaukar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin gyaɗar da ba a ɓare ba. Akwai jan ɓawon nan marar nauyi da ke manne da ƙwaya, wanda ake murjewa a bakace bayan an soya, shi kuma wajen kashi 3 ne cikin 100 na nauyin ƙwayar. Sai tunkuza, bayan an matse mai.

A cikin ukun, jan ɓawon ne ya fi cancantar wannan aiki. Shi ne mafi ƙanƙanta a sikeli, shi ne kuma mafi arzikin sinadari, ga shi ba wanda ke sayensa: iska ke kwashe shi daga faifai, kaji su tsattsaga abin da ya rage.

Me ke cikin jan ɓawon, kuma me ake yi da shi?

Wanda ya tauna shi zai ji bauri a harshe. Wannan baurin na wasu sinadarai ne da ake kira folifenol, mafi yawansu tanin, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majeman Marwa ke jeme fata da ita. Akwai katekin da efikatekin, irin na ganyen shayi, da sarƙoƙin da suke haɗuwa su yi. A busasshen ɓawo mai kyau, gwajin ɗakin bincike yakan nuna miligiram 90 zuwa 150 a kowane giram, ya danganta da irin gyaɗar da hanyar tatsowa.

Babban aikinsu shi ne rage saurin lalacewar mai. Iskar oksijin ce ke sa mai da nama mai kitse su canza wari, su kuma waɗannan sinadarai suna tare wannan aiki na ɗan lokaci. Shi ya sa masana'antun abinci, da na man shafawa, da masu rini da jima ke sha'awarsu. Akwai kuma riba ta biyu da ake yawan mantawa: tanin yana kama furotin ya hana dabba narkar da shi yadda ya kamata, don haka dusar da aka cire wa tanin ta fi ɗanyen ɓawon dacewa da abincin awaki da tumaki.

Yaya maikirowef ke fitar da su?

A cikin akwatin akwai wani ɓangare mai suna maginetiron da ke fitar da igiyoyi dangin na rediyo, masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a sakan ɗaya, tsawon kowace wajen santimita 12. Ƙwayar ruwa tana da gefe mai cajin ƙari da gefe mai cajin ragi, sai ta yi ta ƙoƙarin juyawa tana bin igiyar. Wannan juye-juye ne ke zama zafi.

Bambancinsa da tukunya a kan murhu shi ne inda zafin ke farawa. A murhu, sai tukunya ta yi zafi, ta ba ruwa, ruwa ya ba ɓawo daga waje zuwa ciki. A maikirowef, ruwan da ɓawon ya tsotsa yana ɗaukar zafi a lokaci guda da wanda ke kewaye da shi. Danshin da ke cikin ƙananan ɗakunan ɓawon ya kumbura, bangonsu ya tsage, sinadarin ya sami hanyar fita. Abin da jiƙo zai yi cikin yini, ko na'urar Soxhlet, wadda ɗakunan bincike suka saba tatso sinadarai da ita, cikin awa 6 zuwa 8, sai a same shi cikin mintuna. Gajeren lokaci a kan zafi yana kuma nufin sinadarin bai daɗe yana dahuwa ba.

Daga nan ake gane abu biyu. Ɓawon da ya bushe ƙarau ba a jiƙa shi ba, ba ya amsa igiyar sosai, sai dai ya ƙone a wuri guda. Kuma igiyar ba ta ratsa ruwa fiye da santimita 1 zuwa 2 kafin ƙarfinta ya ragu sosai, don haka kwano mai faɗi ya fi mai zurfi.

Sabuwar dabara ce?

A'a. Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ne ya gano dafa abu da wannan igiya a 1945. A 1986 Katalin Ganzler da abokan aikinta a Hangari suka wallafa yadda suka tatso sinadarai daga tsirrai da ƙasa da ita. A kan jan ɓawon gyaɗa kuwa, masu bincike a jami'ar Virginia Tech sun nuna a 2010 cewa giram 1.5 na ɓawo a cikin itanol, wato tsantsar barasa, da aka sirka da ruwa zuwa ƙarfin kashi 30, da sakan 30 kacal na igiya, na iya ba da kusan miligiram 144 na folifenol a kowane giram.

Wane ruwa ne ya fi tatsowa?

Dole ruwan ya cika sharaɗi biyu: ya narkar da sinadarin, ya kuma ɗauki zafin igiya. Ruwa zalla yana ɗaukar zafi sosai, amma manyan sarƙoƙin tanin ba sa narkewa a cikinsa duka. Itanol zalla ba ya jiƙa ɓawo ya kumbura. Haɗin biyun, itanol kashi 30 zuwa 70, shi ne ke ba da sakamako mafi kyau. In ana da itanol mai ƙarfin kashi 96, a auna mililita 312 a cika da ruwa zuwa lita ɗaya don samun kashi 30, ko mililita 521 don kashi 50, ko 729 don kashi 70.

Hekzen, wanda manyan masana'antu ke cire mai da shi, kusan ba ya jin igiyar kwata-kwata, kuma ba ya narkar da folifenol. Metanol da asiton suna tatsowa sosai, amma na gwaji ne kawai. Metanol guba ne mai makantarwa, har ya kashe. Barasar ƙonawa da ake sayarwa a shagunan kayan gini an gauraya ta da abin da ke hana sha, ba ta da wuri a cikin abin da zai shiga abinci ko ya taɓa fata. Haka ma arki, barasar da ake dafawa a gida: ba a san ƙarfinsa ba, ba a san abin da ke cikinsa ba.

Ina da maikirowef a kicin. Zan iya zuba itanol a ciki?

Kada a yi. Tururin itanol zalla yana kama wuta tun daga digiri 13, na haɗin kashi 50 daga wajen digiri 24, na kashi 30 daga wajen digiri 30. A Garwa cikin watan Maris ko Afrilu, zafin ɗaki kansa ya wuce nan. Akwatin kicin rufaffe ne, tururi na taruwa a ciki, kuma akwai fitila da fanka da makunnai da ke iya yin tartsatsi.

Na'urar ɗakin bincike an ƙera ta daban. Wata tana da buɗaɗɗiyar kwalba da bututun sanyaya tururi ya koma ciki. Wata tana da rufaffun kwalabe na Teflon, wata roba mai jure zafi, masu jure matsi, da ma'aunin zafi da na matsi, da fanka mai zuƙe tururi waje, da abin da ke kashe wuta in ta ji ƙamshin barasa.

Wasu kan huda rufin akwatin kicin su saka bututu. Wannan aikin ƙwararre ne mai na'urar auna yoyon igiya, domin ƙa'ida ita ce kada yoyon ya wuce miliwat 5 a kowace murabba'in santimita, a tazarar santimita 5. Kuma a cikin akwatin akwai ma'ajiyar caji da ke riƙe wuta mai ƙarfin bolt wajen 2,000, wadda ke iya kashe mutum ko bayan an zare soket. Wanda ke son aiki da itanol ya nemi haɗin gwiwa da ɗakin bincike, kamar na makarantar ENSAI da ke jami'ar Ngaundere, wadda fanninta ke nan na sarrafa amfanin gona.

To, wane gwaji za a iya yi a gida ko a ƙungiya?

Na ruwa zalla. Ba zai ba da duk abin da ke cikin ɓawon ba, amma ya isa a koyi aikin a kuma kwatanta ɓawo da ɓawo.

A fara da ɓawon gyaɗar da aka soya sama-sama. Wanda ya yi baƙi ya riga ya rasa wani kaso. Wanda aka cire ta hanyar jiƙa gyaɗa a ruwan zafi ma haka, domin sinadarin ya bi ruwan jiƙon ya tafi. A bakace shi sosai a raba shi da yashin suya da ɓarɓashin ƙwaya. A shanya a inuwa, a kan tabarma ko buhu mai tsabta, har ya riƙa karyewa a hannu. A daka a tankaɗe da rariya mai ido kamar na garin tuwo, rabin milimita zuwa milimita ɗaya. In ya yi laushi fiye da haka zai toshe abin tacewa.

A auna giram 10 a zuba a kwanon gilashi mai jure zafi, mai faɗin baki, wanda ke cin aƙalla rabin lita. A zuba ruwa mililita 200, wato kashi 20 na ruwa ga kashi ɗaya na gari. A ɗiga ruwan lemun tsami kamar ƙaramin cokali ɗaya, domin ɗan tsami na kare sinadarin. Garin zai taso sama ya ƙi jiƙa. A juya da cokalin katako ko sandar gilashi, a bar shi minti 10.

A ɗora faranti a baki ba tare da an toshe ba. A kunna sakan 30, a fitar, a juya, a auna zafi a wajen akwatin. Ana neman digiri 60 zuwa 70. A lissafi, na'ura mai wat 700 na ɗaga mililita 200 daga digiri 30 zuwa 65 cikin sakan 42, amma da yake gilashin ma yana shan zafi, yakan kai kusan minti ɗaya. In an kai, a riƙe zafin nan na minti 3 zuwa 5 ta hanyar gajeren kunnawa duk lokacin da zafin ya fara sauka.

A tace da farin ƙyalle tun da zafinsa, a matse, sannan a sake tacewa da takardar tace kofi. A mayar da dusar a maimaita da ruwa mililita 100. Zagaye na uku ba ya biyan wahalarsa. A haɗa ruwan biyu a kwalba mai duhu, a tsoma ta cikin ruwan sanyi nan take. Abin da ya fito ja ne mai sirkin ruwan ƙasa, garau, mai bauri sosai.

An rubuta wat 800 a jikin tawa. Haka take bayarwa?

Da wuya, musamman tsohuwar da aka sayo ta hannu, ko in wuta ta yi ƙasa da bolt 220. A gwada haka: a zuba ruwa lita ɗaya daidai a kwanon gilashi, a auna zafinsa, a kunna da cikakken ƙarfi na minti ɗaya, a juya, a sake aunawa. A ninka bambancin sau 70. In ruwan ya tashi da digiri 9, na'urar na ba da wat 630 ke nan. A riƙa yin wannan gwaji a farkon kowace ranar aiki, a rubuta.

Makunnin da ke nuna rabin ƙarfi ba ya rage ƙarfin igiya a yawancin na'urorin kicin. Kunnawa yake yi da cikakken ƙarfi na wasu sakanni, ya kashe na wasu. A gwajin sakan 30 wannan na rikita sakamako ƙwarai, gara a bar shi a cikakken ƙarfi a sarrafa lokaci da hannu. Mai aiki da janareta kuma ya tuna cewa na'urar da ke ba da wat 700 tana jan 1,100 zuwa 1,200 daga soket.

Ruwan ya fito baƙi ƙirin. Me ya faru?

Galibi ƙarfe ne. Tanin na haɗuwa da baƙin ƙarfe ya zama tawada, don haka tukunyar ƙarfe, ko wuƙa mai tsatsa, ko injin niƙa da haƙoransa suka cinye, ko ruwan rijiyar burtsatse mai ƙarfe a ciki, kowanne na iya jawo haka. In kuma launin ya koma ruwan ƙasa mai duhu a hankali, to ko dai an wuce digiri 80 an daɗe, ko ruwan yana da kanwa-kanwa. Kanwa da toka abokan gaba ne ga folifenol, suna sa iska ta cinye shi cikin sauri. A yi aiki da gilashi, ko roba mai jure zafi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa a wajen akwatin, da ruwa marar ƙarfe, marar kanwa.

Sauran matsalolin da ake yawan gani: maiƙo yana yawo a sama, saboda jan ɓawo na ɗauke da mai da yakan wuce kashi 10, kuma ɓarɓashin ƙwaya na ƙara shi. A sanyaya a firji a kwashe. Ruwa ya yi tsalle ya zube lokacin da aka taɓa kwano, saboda a gilashi mai santsi ruwa na iya wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, sai an motsa shi ya fashe. Maganinsa gajeren kunnawa da barin sandar katako a ciki. Garin da ya manne a bangon kwano sama da ruwa yakan ƙone, a riƙa tura shi ƙasa. Sakamako ya bambanta yau da gobe, saboda akwatin yana da wuraren zafi da na sanyi: a ajiye kwano a wuri guda a kan farantin da ke juyawa, da adadin ruwa iri ɗaya kullum. Ruwan kuma in an bar shi a zafin ɗaki, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya yi tsami ya yi fumfuna.

Maikirowef yana kashe gubar fumfunar gyaɗa?

Ba ya kashewa. Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a shafin nan.

Gubar sunanta afalatoksin. Wata fumfuna ce ke yin ta, wadda ke son gyaɗar da fari ya kama dab da girbi, ko wadda aka tara da danshi, ko wadda ƙwari suka huda. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Tana lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tafasa ba ta rushe ta, suya kuma wani kaso kawai take ragewa. Digiri 65 na minti 5 bai ko taɓa ta ba.

Abin da ya fi muni, ruwan da ke tatso folifenol shi ne ke tatso ta. Ɗakunan gwaji da kansu da haɗin metanol da ruwa suke fitar da ita daga gyaɗa don aunawa, kuma haɗin itanol da ruwa ma yana ɗaukarta. Ma'ana, mai tatsowa tara ta yake yi wuri guda. A ce kilo ɗaya na ɓawo ya ba da giram 150 na busasshen gari, gubar kuma ta bi shi duka, to ƙarfinta ya ninka fiye da sau 6. Tarayyar Turai ta sa iyakar maikirogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya kuma 15 ga wadda za a ƙara sarrafawa. Ɗan ninki kaɗan ya isa a tsallake waɗannan iyakoki.

Saboda haka tsintar gyaɗa na zuwa kafin komai. A cire ƙwayar da ta yanƙwane, da mai tabo, da mai huda, da wadda ta canza launi, tun kafin suya, don kada ɓawonsu ya shiga cikin mai kyau. Kada a sayi ɓawon da aka share daga ƙasa ko wanda ba a san gyaɗarsa ba. A ajiye shi a bushe, a kan katako, nesa da bango. Duk abin da za a sa a abinci, ko na mutum ko na dabba, a gwada shi. Akwai 'yan sandunan gwajin gaggawa da ke nuna sakamako cikin mintuna, sannan a tabbatar a ɗakin bincike. Ƙungiyar da ba ta da hanyar gwaji ta tsaya ga rini da jima.

Har ila yau, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ɗan furotin da ya bi ruwan ya isa ya tayar musu da ciwo mai tsanani, don haka dole a rubuta a jikin kaya cewa daga gyaɗa aka samo shi.

Malam, mu Musulmi ne. Yaya batun itanol?

Hukunci na malamai ne, a kai musu tambayar da cikakken bayani. Bayanin shi ne: itanol a nan abin narkarwa ne, ana turara shi a mayar da shi kwalba don sake aiki, abin da ke saura a busasshen gari kaɗan ne ƙwarai kuma ana iya auna shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da zaɓi: ruwa mai ɗan tsami, ko haɗin ruwa da gilisarin na abinci da aka samo daga man tsirrai. Gilisarin na ɗaukar zafin igiya sosai, yana tatso folifenol, tururinsa ba ya kama wuta a irin wannan zafi. Illarsa ita ce ba a iya busar da shi, don haka kayan zai tsaya a ruwa-ruwa, wanda ya dace da man shafawa da sabulu.

Ta yaya za a san an samu wani abu?

Gwajin ido: a ɗiga ruwan sinadarin ƙarfe, ko ruwan da aka jiƙa ƙusa mai tsatsa da ɗan lemun tsami, a cikin cokali ɗaya na abin da aka tatso. In ya koma kore mai duhu ko baƙi, akwai tanin. Gwajin sikeli: a busar da mililita 20 a farantin da aka san nauyinsa, a auna abin da ya saura. Wannan na buƙatar sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram.

Adadi na gaskiya sai a ɗakin bincike, da gwajin Folin-Ciocalteu, inda ruwan ke komawa shuɗi a auna launin da na'ura mai haske a nanomita 765, a kwatanta da asid galik, sinadarin da ake ɗauka a matsayin ma'auni. A lura cewa wannan gwaji yana amsa wa sukari da bitamin C ma, don haka lemun tsamin da aka ɗiga na iya ɗan ɗaga lambar. A yi gwajin ruwa da lemun kaɗai a cire nasa. Ɗalibi kuma kada ya kawo sakamakon maikirowef shi kaɗai: ya jiƙa wani ɓawon a ruwan zafi iri ɗaya, na lokaci iri ɗaya, ya kwatanta. A nan ne ake ganin abin da igiyar ta ƙara da gaske.

Kwasfa fa, tunda ita ta fi yawa?

Yawancinta itace ne, zare da abin da ke ɗaure zare. Tana da wani sinadari mai launin rawaya, lutiyolin, amma miligiram kaɗan ne a giram, kuma ba ya narkewa a ruwa, sai itanol mai ƙarfi, kashi 70 zuwa sama. Aikin ɗakin bincike ne. Ga ƙungiya, kwasfa ta fi riba a matsayin shimfiɗar kaji, ko dunƙulen gawayi, ko taki. Ita ce kuma ta kwana cikin ƙasa, don haka ta fi kusa da fumfuna da ragowar maganin feshi.

Ɓawon yazawa?

Tambaya ce mai tasowa a yankin Benuwai, inda aka dasa gonar yazawa a Sangere kusa da Garwa tun 1975. Ɓawon 'ya'yan yazawa ya kai kashi biyu cikin uku na nauyinsu, kuma a cikin ramukansa akwai wani baƙin mai mai kauri da ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ɓawon. Mafi yawansa asid anakadik ne, wanda in ya sha zafi sosai yake sakin iskar kabon ya koma kadanol. Ana sa shi a takalmin birki, da fenti, da gam, da maganin gara a katako.

Igiya na fasa ramukan man ya kwararo, amma kada a kusanci akwatin abinci da shi. Man yana ƙona fata ya sa ƙuraje masu ruwa, hayaƙinsa na cutar da ido da maƙogwaro, kuma akwatin ba zai sake tsabtata ba. Masana'antu da injin matsa suke fitar da shi. Mai taɓa shi ya sa safar hannu mai kauri ta roba da tabarau. Siririn ɓawon da ke manne da ƙwayar yazawa kuwa, shi cike yake da tanin da katekin, kuma hanyar da aka bayyana ta jan ɓawon gyaɗa na aiki a kansa, muddin baƙin man bai taɓa shi ba.

Kaɗanya, aduwa da tunkuza?

Ragowar kaɗanya bayan an cire man kaɗe, wadda ke taruwa a wuraren mata masu wannan sana'a a kudancin Chadi, tana da tanin mai yawa, shi ya sa dabbobi ba sa son ta. Ana iya tatsowa, amma sai an fara rage maiƙon. Aduwa na da sinadari mai kumfa irin na sabulu, a sa ta a kwano mai girma ninki uku, in ba haka ba za ta cika ta zube. Tunkuza kuwa a bar ta: kusan rabinta furotin ne, kuma ƙuli-ƙuli ya riga ya ba ta kasuwar da babu garin sinadarin da zai fi ta.

Yaya ake mayar da ruwan gari?

Nan ne kuɗi ke tafiya. Ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri 40 na cin kilojul 167, amma turarar da shi na cin kusan 2,260, fiye da ninki 13. Duk wanda ya zuba ruwa da yawa don ya tatso sosai, zai biya a wajen busarwa.

A ɗakin bincike ana turarawa ƙarƙashin ragaggen matsi, a digiri 40 zuwa 50. A ƙungiya, a zuba siriri a faranti mai faɗi, a sa a akwatin busarwa na hasken rana wanda rana ba ta dukan kayan kai tsaye, a rufe da raga saboda ƙura da ƙuda. Lokacin hunturu ya fi dacewa, iska a bushe take kuma sabuwar gyaɗa ta shigo. Abin da ke bushewa yakan yi danƙo ya tsotsi danshi. Maganin haka na nan kusa: ƙaro, wanda Chadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya. A narkar da ƙaro mai tsabta, a tace, a haɗa gwargwadon nauyin busasshen abin da ake sa ran samu ko ninkinsa biyu, kafin a shanya. Yana ba da ɓawon da ke karyewa a daka, yana kuma lulluɓe sinadarin daga iska. A ajiye a kwalba mai duhu mai murfi.

Za a iya faɗaɗa aikin ya zama sana'a?

A yi lissafi kafin a sayi komai. Kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa na ba da wajen kilo 3 na jan ɓawo. In an samu miligiram 100 a giram, giram 300 ke nan na folifenol, da ruwa zalla kuma ƙasa da haka. Mace ɗaya mai ƙuli-ƙuli ba za ta tara abin da zai riƙe na'ura ba. Sai unguwa guda, ko ƙungiyar GIC, irin ƙungiyoyin haɗin kai na Kamaru, ta ware buhu mai tsabta ga kowace mai suya, a riƙa karɓa mako-mako.

Babbar tukunya a babban akwati ba ta aiki, saboda igiyar ba ta shiga zurfi: gefe ya tafasa, tsakiya na sanyi. Masana'antu na tura haɗin ta siririn bututu yana ratsa igiya, ko su yi aiki da igiya mai kaɗawa sau miliyan 915, wadda ta fi shiga ciki. Ɗumama lita 100 da digiri 40 na cin kilowat-awa 4.6 na zafi, wato fiye da 7 a mita. Inda wuta ba ta tsayawa, tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa a kan murhu, a digiri 65 na awa ɗaya ana juyawa, na iya zama mafi araha ga ruwa zalla. Maikirowef ya fi nuna fifikonsa inda ake aiki da itanol mai tsada, ko ake gwada samfura masu yawa a rana guda.

Za a iya sayar da shi a matsayin magani?

A'a. Abin da aka gani a kwalbar gwaji ba hujja ba ce cewa yana warkar da ciwon sukari ko hawan jini a jikin mutum, kuma tanin mai yawa na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da ke da haɗari ga masu ciki da yara masu ƙarancin jini. Wanda zai sa shi a abinci ko man shafawa na sayarwa a Kamaru ya tuntuɓi hukumar ANOR mai kula da ingancin kaya, ya tafi da sakamakon gwajin afalatoksin, da na danshi, da na adadin folifenol na kowane zubi, tare da takardar da ke nuna ranar suya, da inda gyaɗar ta fito, da wat da mintunan da aka yi aiki da su.